Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ministocin makamashi na ƙasashen bakin teku: a auna rana da iska kafin a ci bashi a kansu

Zuwa ga masu girma ministocin makamashi, da shugabannin hukumomin da ke ba da kuɗin bincike, a duk ƙasa ko jihar da Allah ya haɗa wa rana da teku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, muna roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Na rubuto ne da yawun mutanen da ba kasafai kuke haɗuwa da su a wurin bikin ƙaddamarwa ba: injiniyoyi da masu haɗa sola da gyaranta, malaman jami'a masu binciken makamashi da ɗalibansu, da ma'aikatan da ke hawa hasumiya su duba na'urar auna iska. Ni ɗaya ne daga cikinsu, aikina kuwa a fili yake, tsakanin faranti da waya da batir.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda kasafin kuɗi ke tafiya shekara bayan shekara. Kason sayen kaya yana ta kumbura, kason bincike da aune-aune yana ta ramewa. A inda nake aiki an rufe wata tashar auna hasken rana da gudun iska da ke gaɓar teku, aka ce ba kuɗin gudanar da ita, alhali a daidai lokacin ake shelar sabuwar kwangilar farantan sola da ta ninka kuɗin tashar sau barkatai. Da na tuntuɓi abokan aiki a wasu gaɓoɓin, sai na tarar kukanmu ɗaya ne. Ba mu ƙi a sayi kaya ba, ranku ya daɗe. Wutar sola ta yi arhar da ba a taɓa zato ba: hukumar makamashin da ake sabuntawa ta duniya, IRENA, ta nuna cewa kuɗin samar da ita a manyan tashoshi ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. Duk shugaban da ya ga wannan arha bai yunƙura ba, ya cuci jama'arsa. Kukanmu a kan abin da ake tsallakewa ne.

Na farko, ana ƙulla yarjejeniyar shekaru ashirin ko fi a kan alƙaluman da ba a auna a ƙasa ba. Taswirar hasken rana ta duniya da Bankin Duniya ya fitar a 2017, da takwararta ta iska, aiki ne mai kyau, mu ma da su muke fara duba wuri. Amma lissafi ne daga bayanan yanayi da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma bakin teku na daga cikin wuraren da lissafin ya fi yin kuskure, saboda hazo da laima da gajimaren da ke taruwa a gaɓa. Birnin Lima na ƙasar Peru yana shafe watanni a ƙarƙashin lulluɓin gajimare, alhali in ka nausa cikin ƙasa kaɗan rana ce tarwai. Gaɓar Namibiya ma haka take da hazon safiya. Wanda ya kalli taswira daga ofis zai ga launi kusan ɗaya, wanda ya kwana a wurin ya san bambancin da ke tsakanin gaɓa da tudu.

A ɓangaren iska abin ya fi haɗari, domin ƙarfin da ke cikin iska ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa yake sau takwas. Juya lissafin kuma: in aka yi zaton gudun iskar wani wuri ya fi na gaskiya, aka tarar ya gaza da kashi 10 cikin 100 kacal, ƙarfin da ke cikinta ya ragu da kusan kashi 27. Wannan giɓin shi ne ribar aikin gaba ɗaya, wani lokaci har da uwar kuɗi. Shi ya sa bankunan da suka san abin da suke yi ba sa sakin kuɗin tashar iska sai an kafa hasumiya a wurin an auna aƙalla shekara guda cur. In ƙasa ba ta da nata alƙaluman, kamfanin da ya zo neman kwangila shi zai auna, shi zai riƙe bayanan, shi zai faɗa muku farashi, ku kuma ba ku da abin da za ku yi masa musu da shi. Cinikin biri a sama ke nan, kuma jama'a ce za ta biya ta hanyar kuɗin wuta.

Tashar aunawa ba abu ne mai tsada ba, amma tana son mutum. Na'urar auna hasken rana wani ɗan ƙoƙon gilashi ne da bai fi tafin hannu ba. Na taɓa zuwa wata tasha na tarar da kashin tsuntsu ya bushe a kan gilashin, gishirin iska ya yi masa fari-fari a kewaye, na'urar kuwa tana ta aika lambobi zuwa kwamfuta ba dare ba rana. An sallami mai share ta tun tuni. Duk abin da ta rubuta a waɗancan watanni shara ne, kuma mai karanta lambobin a birni ba shi da hanyar gane haka. Tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta da albashin mutum ɗaya, su ne suka raba alƙaluman da za a iya kai wa banki da waɗanda za a zubar.

Na biyu shi ne gishiri, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da ya bambanta bakin teku da kowane wuri mai rana. Iskar teku tana ɗauke da ɓurɓushin gishiri, tana sauke shi a kan duk ƙarfen da ta tarar. Da dare raɓa ta jiƙa shi, da rana zafi ya busar da shi, gobe a sake. Farantin kansa yakan jure, domin gilashi ne a fuskarsa. Abin da ke fara mutuwa shi ne ƙananan abubuwan da ba wanda ke ɗaukar hotonsu: noti, da maɗaurin waya, da wayar da ke kai wuta ƙasa, da fankar da ke sanyaya inbata, na'urar da ke juya wutar faranti ta koma irin ta gida. Inda aka ɗaure firam ɗin alminiyam da notin wani ƙarfe dabam ba tare da an raba su ba, ruwan gishiri yakan haɗa su su zama kamar ƙaramin batir, ɗayan ya riƙa cin ɗayan.

An taɓa kirana wata makaranta da ke kusa da gaɓa, wai solarsu ta daina aiki ba ta daɗe da sakawa ba. Daga nesa farantan suna ta sheƙi, ba abin da ya same su. Da na buɗe akwatin da wayoyi ke haɗuwa, sai na ga jan ƙarfen ya koma kore, bakin wayoyin ya ruɓe har yana marmashewa a yatsa, ramin kowane noti kuma ya cika da farin gari. Akwatin irin na cikin ɗaki ne aka kafa a waje, yana fuskantar teku. Wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, takardar kwangilar kuwa ba ta ambaci gishiri ko sau ɗaya ba. Shugaban makarantar ya ce mini shi daga yau ya gama da sola, janareta ya fi masa. Wannan ita ce asarar da ta fi ci mini rai, don kayan za a iya sakewa, amma mutumin da ya yanke ƙauna zai faɗa wa mutum goma.

Abin takaicin shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. Akwai ƙa'idar gwajin farantan sola a cikin feshin gishiri, mai lamba IEC 61701. Akwai kuma ISO 9223, wadda ta kasa wurare gwargwadon yadda iskarsu ke cin ƙarfe, daga C1 zuwa C5, da CX ga mafi tsanani irin na bakin ruwa da cikin teku. Rubuta waɗannan lambobi a takardar kwangila ba ya cin ko sisi. Sai dai rubutawa ba ta wadatar ba in ba ɗakin gwaje-gwaje a gida da zai ɗauki samfur daga kwantena ya tabbatar cewa abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki.

Zafi ma yana da nasa harajin. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne yayin da ƙwayoyinsa, wato ƙananan sassan da ke juya haske ya zama wuta, suke kan digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A tsakar rana a ƙasa mai zafi sukan kai 60 ko fi, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana zaftare kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfin. Ka ga an yi asarar kashi 10 zuwa 15 ke nan tun kafin ƙura da gishiri su karɓi nasu. Iskar teku tana rage wannan asarar in an kafa farantan yadda za ta ratsa ƙarƙashinsu. Nawa take ragewa a kowace gaɓa, a wane tsayi, da wace irin jera? Tambaya ce da ɗalibin digiri na biyu zai iya amsawa da kayan aiki kaɗan, in an ba shi.

Na uku, ana maganar megawat nawa aka kafa, ba a maganar ƙarfe nawa na yamma za a sami wutar. Rana tana faɗuwa a daidai lokacin da gidaje ke kunna fitilu da fankoki. A nan bakin teku yake da wata falala da cikin ƙasa ba shi da ita: ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, don haka daga azahar zuwa yamma iska takan taso daga teku ta nufo tudu, sau da yawa tana kaiwa har bayan hasken rana ya fara raguwa. In aka san lokacinta da ƙarfinta a kowane wata, za a iya haɗa iska da sola su rufa wa juna asiri, a rage yawan batir da za a saya. Maroko ta kafa tashar iska mai kusan megawat 300 a Tarfaya, a gaɓar Atlantika, a 2014, Senegal kuma ta kafa mai megawat 158 a Taiba Ndiaye. Ba a zaɓi waɗannan wurare da ka ba.

Babban layin wuta shi ma sai an yi masa karatun kansa. A ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kayar da turakun manyan wayoyi a jihar Ostareliya ta Kudu, jihar duka ta faɗa cikin duhu. 'Yan siyasa suka yi ta jifan juna, wasu na cewa laifin injinan iska ne. Binciken da aka yi ya gano cewa saitin kariya na wasu tashoshin iska ne ya sa suka cire kansu daga layi bayan wutar ta yi ta rawa, sai aka gyara saitin. A ƙarshen 2017 aka kunna babban batir mai megawat 100 a Hornsdale. Yau kusan kashi 70 cikin 100 na wutar jihar daga rana da iska yake fitowa. Abin lura a nan, suna da injiniyoyinsu da suka iya zama su karanta abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. A arewacin Cile kuwa, inda hasken rana ya kai matuƙa a hamadar Atakama, an kafa tashoshi sun riga manyan wayoyi, har ta kai ana zubar da wutar da aka samar don ba hanyar kai ta inda ake bukata.

Na huɗu, ana barin abin da jama'ar gaɓa suka fi bukata ana bin abin da ya fi daɗin faɗa a taro. Garuruwan bakin teku da yawa suna zaune kusa da ruwan da ba ya shayuwa, rijiyoyinsu kuma gishiri yana kutsowa cikinsu. Injinan tace ruwan teku na zamani suna cin wuta kilowat-awa 3 zuwa 4 a kan kowace lita 1,000. Aiki ne da ya dace da rana ƙwarai, domin ruwa ana iya tace shi da tsakar rana a tara a tanki, tankin ruwa kuwa ya fi batir arha nesa ba kusa ba. Birnin Perth na Ostareliya ya buɗe tashar tace ruwan teku a 2006 ya haɗa ta da yarjejeniyar sayen wuta daga wata tashar iska. Haka batun masunta: kifin da aka kamo da asuba in ba ƙanƙara, kafin la'asar ya zama asara, ƙanƙara kuma ita ma ajiyar rana ce, a yi ta da hantsi a yi amfani da ita da dare. Yadda za a ƙera ƙaramin ɗakin sanyi ko injin tace ruwa da zai jure wutar da ke hawa da sauka, kuma makanikin gari ya iya gyara shi, bincike ne da ba wani kamfanin waje da zai yi muku, don ribarsa ba ta kai ta ja hankalinsa ba.

Game da wutar igiyar ruwa, muna roƙon a yi taka-tsantsan. Duk lokacin da aka zo da hoton wata na'ura mai shawagi a teku, hankalin manya yakan tashi. Fotugal ta buɗe tashar igiyar ruwa a Agusadora a 2008 da injina uku, cikin 'yan watanni aka janye su saboda matsalar na'ura da ta kuɗi. Tashar La Rance ta Faransa tana aiki tun 1966, amma da cikar teku da janyewarsa take aiki, a wurin da ruwan ke hawa mita da yawa, kuma ba kowace gaɓa ke da wannan ba. A bar wa jami'o'i su auna, su gwada ƙanana, kada a jefa kuɗin jama'a a babbar kwangila tukuna.

Na ƙarshe, kuma shi ne uwar sauran, mutane. Sifaniya ta kafa cibiyar gwajin makamashin rana a hamadar Tabernas da ke lardin Almeriya a farkon shekarun 1980, lokacin da harkar ba ta kawo ko kwabo. Sai a 2007 aka kunna hasumiyar rana ta kasuwanci ta farko a duniya, wadda madubai ke tara mata zafin rana a samar da wuta, kusa da birnin Sabiya (Seville), a 2011 kuma tashar Gemasolar ta fara aiki, wadda ke ajiye zafin rana a narkakken gishiri na tsawon awa 15. Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan ana biyan albashin masu bincike kafin a ga amfanin. A birnin Sidni na Ostareliya, Farfesa Martin Green na jami'ar New South Wales ya fito da tsarin ƙwayar sola da ake kira PERC a 1983, ya zuwa 2020 kuwa mafi yawan farantan da ake ƙerawa a duniya a kan tsarin suke. Ɗalibinsa Shi Zhengrong ya koma Sin ya kafa kamfanin Suntech a 2001. Maroko ta fahimci wannan, ta kafa cibiyar bincike ta IRESEN a 2011 a gefen manyan ayyukanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka gina da tallafin wata shida.

Mu abin da muke gani shi ne ɗalibi mai hazaƙa ya gama karatu bai taɓa riƙe na'urar gwajin faranti ba, don wadda ke sashen ta lalace, kuɗin gyaranta yana jiran sa hannu. Wanda ya sami hanya ya fita waje, can ya yi bincike a kan dusar ƙanƙara da gajeren yinin hunturu, wato matsalolin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Bayan shekaru a ɗauko shi haya a matsayin ƙwararre daga waje, a biya shi da kuɗin ƙetare ya zo ya faɗa muku abin da malaminsa na gida ya daɗe yana rubutowa a takardar da ba a buɗe ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A sake buɗe tashoshin aunawa da aka rufe, a ƙara wasu daga bakin ruwa zuwa cikin ƙasa, kowace da ma'aikacinta da kuɗin daidaita na'urorinta a kan lokaci. Alƙaluman da suka fito a saka su a intanet kyauta, yadda ɗalibi da ɗan kasuwa da ɗan jarida za su iya saukewa. Duk kamfanin da aka ba izinin auna iska ko rana a ƙasar jama'a, a shar'anta masa miƙa kwafin bayanansa ga hukuma bayan wani wa'adi.

A ware wani kaso tsayayye daga kuɗin kowace babbar kwangilar makamashi, ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne, ya tafi asusun bincike da doka ta kare, yadda sauyin minista ba zai taɓa shi ba. Tallafin da za a riƙa bayarwa daga asusun ya zama na shekaru, gwargwadon tsawon karatun digiri na uku aƙalla, don gishiri ba ya nuna aikinsa a wata uku.

A hana sayen kayan sola ko na iska da kuɗin gwamnati a yankin gaɓa sai da shaidar gwajin gishiri, a kuma kafa filin gwaji a bakin teku ƙarƙashin wata jami'a, inda za a jera kayan kamfanoni dabam-dabam a bar su a rana da raɓa, a riƙa buga sakamakon kowa ya gani. A riƙe wani ɓangare na kuɗin ɗan kwangila har sai aikinsa ya ga damina biyu yana ba da wutar da aka yi alkawari. A yankunan da guguwar teku ke ratsawa, a sa ƙarfin maɗauri da turaku cikin sharuɗɗan.

A sa masunta da hukumomin ruwan sha a teburin da ake zaɓar abin da za a bincika, tun kafin a raba kuɗi. Kafin a killace wani yanki na gaɓa ko na ruwa don tasha, a zauna da masu jefa taru a wurin, a ji hanyoyin jiragensu da lokutan kamunsu.

Sannan muna roƙon ku buga, sau ɗaya a shekara, jerin duk ayyukan sola da iska da aka yi da kuɗin jama'a, da yawan wutar da kowanne ya bayar a shekarar, har da waɗanda suka mutu da dalilin mutuwarsu. A shirye muke mu taya ma'aikatanku tattara wannan jeri, kuma muna neman ku ba wakilanmu lokacin ganawa kafin a kammala kasafin kuɗi mai zuwa.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
wani ma'aikacin sola, a madadin injiniyoyi da masu gyara da malamai da ɗaliban makamashi na yankunan bakin teku.